Da gaske ne wani tsoho ya kafa tarihin gudu da fistan ɗin da ya zuba da hannunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran babur ne, shekarata 11 a sana'ar. Na ji labarin wani tsohon Bature da ake cewa yana narkar da tsofaffin fistan (ƙarfen nan da ke kai da komo a cikin silindar inji) a gwangwani ya zuba nasa, kuma wai da wannan babur ya kafa tarihin gudu a Amurka. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri? In gaskiya ne, mu ma za mu iya zuba namu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Gaskiya ne. Sunan mutumin Burt Munro, ɗan ƙasar Niyu Zilan, mazaunin garin Invercargill da ke can ƙarshen kudancin ƙasar. An haife shi a 1899, ya rasu a watan Janairun 1978. Babur ɗin kuwa Indian Scout ne ƙirar Amurka, na 1920, kuma a shekarar ya saye shi sabo. Da ya fito daga kamfani injinsa kusan cc 600 ne (cc ma'aunin girman inji ne), iyakar gudunsa bai wuce kilomita 90 a awa ba. A 1926 ya fara taɓa injin, kuma bai daina ba har ƙarfinsa ya ƙare. A watan Agustan 1967, yana da shekara 68, babur ɗin yana da shekara 47, ya yi gudun kilomita 296 a awa a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Yuta. Har yau ba a karya wannan tarihi ba a rukuninsa, wato rufaffen babur mai injin da bai kai cc 1000 ba.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne kayan aikin. Munro ba mai kuɗi ba ne, kuma kamfanin Indian na asali ya daina ƙera babura a 1953, balle a ce zai aika a kawo masa kayan tsere. Saboda haka abin da ya rasa sai ya ƙera. Fistan, ya narka tsofaffi na mota ya zuba nasa, sannan ya gyara su a injin tana, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi. Sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, ya sassaƙo ta daga tsohon aksul na katafila. Silinda kuma daga tsohon bututun ƙarfe. Asalin injin bawul ɗinsa a gefe suke, shi ya ƙera sabon kan silinda ya mayar da su sama domin injin ya samu numfashi sosai, ya kuma sake kam ɗin da ke buɗe su, yana goge shi da magagari. A hankali ya yi ta faɗaɗa injin: kusan cc 850 lokacin da ya kafa tarihinsa na farko a Bonneville a 1962 da kilomita 288 a awa, 920 a 1966, sai 950 a 1967.

Akwai wani abu da masu ba da labarin ke tsallakewa, alhali shi ne rabin nasarar. A irin wannan gudu, iska ce babbar abokiyar gaba. In kana so ka ninka gudunka sau biyu, ƙarfin da kake buƙata don keta iska sai ya ninka kusan sau takwas. Ko da wane irin fistan ne, injin 1920 ba zai ba da wannan ƙarfi ba. Shi ya sa ya ƙera wa babur ɗin rufi dogo siriri mai siffar kifi, ya sauke shi ƙasa ƙasa, shi kuma ya kwanta rub da ciki a kansa. Ga kuma matsalar wurin: Bonneville na kan tudu, sama da mita 1,200 daga bakin teku, iskar can ba ta da kauri kamar ta garinsu da ke gaɓar teku. Kafireton da ka saita a gida sai ya riƙa ba da mai fiye da kima a can, dole a sake saiti. Kuma ba gudu ɗaya ake lissafawa ba, sai ka je ka dawo a ɗauki matsakaici, ma'ana injin ya jure sau biyu. A 1967 ɗin ma akwai zuwa ɗaya da ya haura kilomita 305 a awa.

Ni abin da ya fi taɓa min zuciya a rayuwar mutumin nan shi ne kantar da ke garejinsa. Duk fistan ɗin da ya huje, duk sandar da ta karye, ba ya zubarwa, jera su yake yi. Kuma sun yi yawa ƙwarai, domin injinsa ya sha fashewa. Duk wanda ya daɗe a gareji ya san ƙarfen da ya lalace yana magana. Fistan da ya huje a tsakiya yana gaya maka zafi ya yi yawa, ko mai ya yi kaɗan ko wuta ta yi gaba. Wanda ya goge a gefe yana cewa tazarar da ka bari tsakaninsa da silinda ta yi kaɗan. Shekara 41 ya yi yana wannan karatu kafin ranar 1967. Yawancinmu kuwa da mun ciro abin da ya lalace sai mu wurga shi cikin tarkacen da 'yan gwangwan za su saya, ba mu tsaya mun duba me ya kashe shi ba, sai mai babur ya dawo bayan wata biyu da ciwo iri ɗaya.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Zubin kansa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, masu zubin tukwane kullum suna narka alminiyum su zuba a ƙasa. Amma fistan ba tukunya ba ne. Ƙarfen fistan haɗi ne mai sinadarin silikon, wanda ke rage masa kumbura in ya yi zafi ya kuma hana shi saurin cinyewa. Dalilin da ya sa Munro ke narka tsofaffin fistan ke nan, ba kowane alminiyum da ya tsinta ba. Sannan zubin hannu yakan bar ƙananan kumfa a ciki waɗanda ido ba ya gani, kuma daga nan tsagewa ke farawa. Bayan zubi akwai aikin tana: ramin ringi, ramin fin, nauyi, da tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba, wadda sai da ma'auni mai kyau ake samunta.

Saboda haka shawarata, kada ka sa fistan ɗin zubi a babur ɗin mai achaba ko na kowa da ke hawa titi. In ya kama ana cikin gudu, tayar baya ce za ta tsaya cak da mutum biyu a kai. Munro da ransa ya yi gwaji, kuma ya sha faɗuwa ya ji raunuka. In sha'awar ta kama ka, samu tsohon injin da ba na kowa ba, ɗaure shi a kan teburi, ka gwada a nan. Kafin ka sayi tukunyar narki, fara sayen ma'aunin kauri da littafin rubuta abin da ka auna.

Babur ɗin Munro yana nan har yanzu a Invercargill, a shagon kayan ƙarfe na E Hayes, inda ya sayar da shi bayan shanyewar jiki ta same shi a 1977. Takardar tarihin nasa ma da kuskure aka rubuta ta: kilomita 295 da ɗoriya aka lissafa masa a 1967. Sai a 2014, shekara 36 bayan rasuwarsa, ɗansa ya gano kuskuren lissafin, hukumar babura ta Amurka ta gyara adadin zuwa 296.