Kafin a kawo Golden Retriever gida

Tambaya: Ina da yara uku, autansu shekararsa huɗu. Ina neman karen da zai yi wasa da su da rana, ya yi mana gadi da dare. An ce mini Golden Retriever ya dace. Haka ne?

Amsa: Malam, wajen zama da yara ba a yi maka ƙarya ba. Batun gadi kuwa, ka cire shi daga lissafi. Zai iya yin haushi idan ya ji motsi, amma baƙon da ya shigo ya shafa kansa ya zama abokinsa ke nan.

Asalinsa ne ya jawo haka. A shekarar 1868 wani basaraken Birtaniya, Dudley Marjoribanks, wanda daga baya aka sani da Lord Tweedmouth, ya haɗa wani kare mai ruwan ɗorawa da wata karya gwanar iyo a gandunsa na Guisachan da ke Sikotland. Abin da yake nema shi ne karen da zai ɗauko tsuntsun da mafarauci ya harbo, ko cikin ruwa ya faɗa, ya kawo shi ba tare da ya huda shi da haƙori ba. Daga nan sanyin halinsa da son jin maganar mai shi suka samo tushe, shi ya sa har yau ake horar da shi ya yi wa makafi jagora.

Sai dai wannan halin yana zuwa da hakkinsa. Kare ne na aiki, yana buƙatar aƙalla awa guda na tafiya da guje-guje kullum, ga shi ba ya jure kaɗaici. Idan aka ɗaure shi a lungu aka watse daga safe zuwa dare, sai ya koma tauna takalma da haƙa ramuka, a ce ya lalace, alhali kewa ce ke damunsa. Ka kuma tuna namijin yakan kai kilo 29 zuwa 34. Da murna kawai zai iya ture autan nan naka, don haka kada a bar su su kaɗai, kuma a koya wa yaran kada su ja masa kunne ko su taɓa shi yana cin abinci.

Tambaya: Inda nake ana zafi ƙwarai. In aske wa karyata gashi don ta samu sauƙi?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, kada ki aske. Gashinta hawa biyu ne, kuma na saman yana kare fatarta daga rana. Ki riƙa taje ta sau biyu ko uku a mako don fitar da mataccen gashi, ki fita da ita da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, inuwa da ruwan sha kada su yanke. Duk lokacin da ta yi wanka ki tsane mata kunnuwa, domin faɗowarsu na riƙe danshi har su yi ciwo.

Tambaya: An nuna mini kwikwiyo biyu. Ɗaya fari tas, ya fi tsada, mai shi ya ce irinsa ba ya samuwa. Ɗayan ja-ja ne, yana da arha, amma makonsa shida kacal. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Da ni ne, ba zan ɗauki ko ɗaya a yau ba. Launin wannan kare yana kamawa daga fari-fari zuwa ruwan zinariya mai duhu, kuma duk jinsi ɗaya ne. Hasken gashi ba ya ƙara lafiya ko hali. Shi kuma ɗan mako shida bai isa rabuwa da uwarsa ba. A bar shi ya cika mako takwas, don a wajenta da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo.

Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne lafiyar iyayen. Wannan jinsi yana gadon gocewar ƙashin kwatangwalo da na gwiwar gaba, da wasu cututtukan ido da na zuciya. Ciwon daji ma ya yi musu yawa, har gidauniyar Morris Animal Foundation ta Amurka ta soma bibiyar rayuwar sama da karnuka 3,000 na wannan jinsi tun 2012 don gano dalili. Saboda haka ka nemi ganin uwar da idonka, ka ga inda take kwana, ka tambayi takardun gwajin da likitan dabbobi ya yi wa iyayen, da katin allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki na kwikwiyon. Mai sayarwar da ya ce ku haɗu a hanya ya miƙa maka, ko ya hau hanya-hanya da ka ambaci takarda, ka bar masa kayansa.

Sannan ka yi lissafin shekara 10 zuwa 12 na abinci, allurai da kuɗin likita, domin kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe. Idan hidimar kwikwiyo za ta yi maka yawa, ka leƙa wuraren da ke karɓar karnukan da suka rasa masu riƙo; babban kare halinsa ya riga ya bayyana, za ka san abin da ka ɗauko.