Kogin ƙanƙara da masanansa

Wani ɗalibi daga Damagaram ya tambaya: Malam, me za mu kira masu binciken ƙanƙarar da ke kwance a kan manyan duwatsu?

Ɗana, ka ce masana kogunan ƙanƙara. Namiji masanin kogin ƙanƙara, mace masaniya, kodayake kalmar tana karo da masaniyar da ake cewa "ba ni da ita".

Sau da yawa ina jin masu fassarar labarai suna cewa "dutsen ƙanƙara", abin kuwa yana sosa mini rai. Dutse zaune yake, wannan kuwa tafiya yake yi. Dusar ƙanƙara ce ke zuba shekara bayan shekara, ta sama ta danne ta ƙasa har ta daskare, nauyinta ya sa ta riƙa gangarowa kwari a hankali, tana nuƙe duwatsun da ta taka. Tun wajen 1840 wani masanin kimiyya mai suna Louis Agassiz ya kafa turaku a kan irin wannan ƙanƙara a Suwizalan don ya auna tafiyarta, magadansa ma har yau aunawa suke yi. To ina dutse a nan? A bar wa ɓallin ƙanƙarar da ke yawo a teku wannan suna.

Ku dubi hikimar wanda ya fara cewa "dusar ƙanƙara". Ƙanƙarar da Bahaushe ya sani ita ce mai faɗowa da damina ta kakkarya dawa. Da ya ji labarin mai laushi, sai ya tuna da dusar da ake ba awaki. Bai ari kalmar kowa ba. Mu kuma da takardunmu mun kasa bambanta mai tafiya da mai zama.

Kada kuma a ce abin na Turawa ne kaɗai. Akwai ragowarsa a Kilimanjaro ta Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, da Dutsen Kenya, da Ruwenzori a iyakar Uganda da Kwango, duk suna narkewa.

Wata malama daga Kumasi ta ce: dole ne a sa wa ƙanƙara lanƙwasa?

Dole ne, Malama. Kankara ta mai kankare tukunya ce.

Wani kuma yana neman ma'anar "ruwa ba ya tsami banza".

Komai da dalilinsa. Wannan ai ko yaro ya sani.