Ɗana Ya Kaɗe Ɗan Kabu-kabu: Zan Iya Ce Wa Inshora Ni Ke Tuƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ba ɗana mai shekara 16 makullin motata ya kai mahaifiyarsa unguwa a Mabera. Yana dawowa ya kaɗe wani ɗan kabu-kabu wajen Gawon Nama, ƙafarsa ta karye, babur ɗin ya lalace. Motar tana da inshorar dole, amma an ce kamfani zai ƙi biya saboda yaron ba shi da lasisi, don haka aka ba ni shawarar in ce ni ke tuƙi. Wa ramuwa ta hau kansa? Kuma ya halatta in bi shawarar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba wanda ya ji rauni lafiya, ya kiyaye gaba.

Ƙuruciya ba ta kayar da ramuwa. Alƙalamin zunubi ne aka ɗauke wa yaro, amma abin da ya ɓata na dukiyar mutane ana biya daga dukiyarsa ko bai balaga ba. Balle ɗan shekara 16, wanda galibi alamomin balaga sun bayyana gare shi. Shekara 18 da ta shahara a mazhabar Malikiyya ana komawa gare ta ne idan ba a ga wata alama ba. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mai korar dabba da mai janta da mahayinta suna lamunce abin da ta taka. Mai riƙe da sitiyari ya fi cancantar wannan hukunci, tunda mota ba ta da ra'ayin kanta.

Saboda haka gyaran babur yana kan direba. Dangi na wajen uba, waɗanda shari'a ke ɗora wa biyan diyyar kuskure, ba sa ɗaukar ɓarnar dukiya, kuma ko a rauni sai ya kai sulusin diyya suke shiga. Ƙafar kuwa a jira ta warke tukuna. Idan ta bar nakasa, alƙali ya ƙiyasta abin da za a biya. Idan ta ɗoru lafiya babu wata diyya ƙayyadajjiya, sai dai malamin Malikiyya Ibn Arafa ya zaɓi a ɗora wa mai laifi kuɗin magani da ladan likita, kuma da shi nake ba da fatawa. Wannan bawan Allah da babur ɗin yake ciyar da iyalinsa.

Kai ma ba ka fita ba. Dokar ƙasa ta hana tuƙi sai da lasisi, ba a ba da shi sai a shekara 18, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na 1993 cewa bin irin waɗannan dokokin hanya wajibi ne. Da yaron ya saci makulli ne, da biyanka taimako ne kawai. Amma da hannunka ka miƙa masa. Abin ya zama ruwan dare a garin nan: yaro bai gama sakandare ba an sakar masa mota, ranar biki ko Sallah har da wasan mota, iyaye suna dariya. Ina ganin ka biya, ka kuma yi istigfari a kan sakacin.

Sai batun inshora. Majalisar da na ambata ta haramta inshorar kasuwanci tun 1985 saboda gararin da ke cikinta, wato kana biyan kuɗi ba ka san ko za ka samu wani abu ba, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. Wadda gwamnati ta tilasta, da ake biyan naira 15,000 a shekara ga motar gida tun 2023, babu laifi a kanka don ka yanka. Malamai sun saɓa a kan karɓar abin da ya haura kuɗin da ka zuba. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne halas ne a nemi kamfani ya biya wanda aka kaɗe, domin haƙƙinsa ne yake isa hannunsa.

Amma da gaskiya. Ka kai rahoto yadda abin ya faru, da sunan wanda ke tuƙi da shekarunsa. In sun biya, alhamdu lillahi. In sharaɗin takardarka ya cire direba marar lasisi, ka haƙura. Cewa kai ke tuƙi haramun ne: ƙarya ce, cin dukiya ne da ɓarna, za ta kuma ja ka neman masu shaidar zur. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu. Kada a ce maka ai kuɗin kamfani ne. Haramcin ma'amalarsu bai halatta maka yi musu ƙarya ba. Kuma yaron yana kallon abin da za ka yi.

Ka ɗauki manya biyu ku je duba majinyacin, ku yi sulhu a rubuce gaban shaidu. In ya yarda ka biya kaɗan-kaɗan ya halatta, in ya yafe wani abu don kansa shi ma ya halatta, muddin ba a taru an matsa masa ba. Idan takardar inshorarka ta ƙare, ka nemi ta takaful. Wallahu a'alam.