Yadda ake ƙirga shaho idan sun yi dafifi a sama

Ɗana, ka tambaye ni yadda mutum zai ƙirga shaho dubu suna kewaya a sama ba tare da ya ninka lissafi ba, da kuma abin da za ka rubuta idan tsuntsu ya wuce ba ka gane irinsa ba. Ni ma abin da ya fara ɗaure mini kai ke nan lokacin da na fara aikin nan a Batumi, a ƙasar Jojiya.

Sai ka san dalilin taruwarsu kafin ka iya ƙirga su. Manyan tsuntsayen farauta ba sa son yawan kaɗa fiffike, domin yana cinye musu ƙarfi. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi takan tashi sama, su kuma sai su buɗe fukafukai ta ɗaga su, suna zagaye kamar ƙaiƙayi a cikin guguwa. A kan teku ba a samun wannan iska sosai, shi ya sa a Batumi, inda Bahar Aswad take a gefe guda, tsaunuka kuma a ɗaya gefen, suke matsuwa a siririyar hanya, har sama da miliyan ɗaya su wuce a kaka guda, daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba.

To, kada ka kuskura ka ƙirga su suna cikin wannan zagaye. A shekarata ta farko na yi wannan kuskure, na rubuta kusan ninkin abin da ya wuce, sai da wanda ya koya mini ya sa na soke shafin gaba ɗaya. Ka yi haƙuri har su kai ƙololuwa, domin daga nan za su ɗan naɗe fukafukai su miƙe kudu a jere, kamar tumaki suna fita ta ƙofar garke. A lokacin ne za ka zaɓi alama guda da ba ta motsi, ko kan dutse ko wata doguwar bishiya, ka kafa madubin hangen nesa a kanta, ka ƙirga wanda ya ƙetare ta kawai. Idan sun yi kaɗan, ɗaya-ɗaya; idan sun yi yawa, goma-goma, kana latsa abin ƙirga irin carbin zamanin nan da ake saƙalawa a yatsa. Idan kuma jerin ya karkata wajen abokan aikinka da ke ƙirga a wani tudun, ka kira su ta oba-oba ku daidaita wanda zai ɗauka.

Game da wanda ba ka gane ba, ka rubuta cewa ba a tantance shi ba, babu abin kunya a ciki. Shahon da ke tonon gidan rina yana da ƙaramin kai kamar na tattabara da doguwar wutsiya, amma daga nesa, cikin hazo, yakan yi kama da ɗan'uwansa mai kaurin wuya wanda ke cika sama a ƙarshen Satumba. Hasashe a nan ɓarna ce, domin wanda zai karanta takardarka bayan shekara talatin ba shi da hanyar sanin cewa ka yi cinke ne. Haka nan sa'ar da babu abin da ya wuce, ka rubuta sifiri, tare da inda iska ta fito da yawan gajimare.

Ina nanata wannan ne saboda abin da ya faru a Hawk Mountain, a jihar Pensilbaniya ta Amurka, inda wata mai rajin kare tsuntsaye, Rosalie Edge, ta hana harbin shaho a 1934, wani masanin tsuntsaye, Maurice Broun, kuma ya fara ƙirga. Da yake suna ware manya da ƙanana a rubuce, an ga yadda 'ya'yan mikiya mai farin kai suke raguwa, har marubuciya Rachel Carson ta kafa hujja da wannan a 1962 kan illar maganin ƙwari na DDT, wanda Amurka ta hana a 1972.

Kafin ka samu zuwa Batumi, ka je bayan kwata da hantsi lokacin da shirwa suke tashi. Ka kintaci yawansu da ido, ka ɗauki hoto da wayarka, sannan ka ƙirga na cikin hoton ka ga tazarar da ke tsakani, ka kawo mini lissafin mako guda mu duba tare.