Attaruhuna na cikin ɗaki yana ƙonewa, yunwa ce ko me?

Tambaya: Malam, ina karatu a Toronto. Na shuka attaruhu uku da yakuwa a bokitai cikin ɗakina. Maƙwabcina yana noman wiwi a gidansa, shi ya ba ni fitila da ragowar takinsa na ruwa, ya ce in riƙa zubawa duk lokacin ban ruwa. Yanzu bakin ganyen ya ƙone, wasu sun yi rawaya, ga wani fari-fari a saman ƙasar. In ƙara takin ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ka ajiye kwalbar nan tukuna. Attaruhunka ba yunwa yake ji ba, ƙoshi ne ya yi masa yawa.

Farin da ka gani a saman ƙasa, mai kama da kanwa, gishirin taki ne ya taru. A gona ruwan sama yana wanke shi ya nutse. A bokiti ba shi da wurin zuwa. Idan ya yi yawa sai ya hana saiwa shan ruwa, shi ya sa bakin ganye yake bushewa ya yi ruwan ƙasa alhali ƙasar a jiƙe take. Duk wanda ya taɓa zuba yuriya dab da gindin masara ya san irin wannan ƙunar.

Maƙwabcinka bai cuce ka ba. Tun 17 ga Oktoba 2018 dokar Kanada ta ba gida damar shuka wiwi huɗu a mafi yawan larduna, har da Ontario, kuma takin da ake sayar wa masu nomansa an auna shi ne don shuka mai saurin girma a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Ɗan attaruhun da ke fama da sanyin Janairu ba zai iya cinye wannan ba. A Kanada ne aka halatta wiwi. A Najeriya hukumar NDLEA ce ke jiran mai shuka shi, ko a bokiti ne.

Ka fara duba gindin bokitin. In babu huda, ka huda yau. Sai ka kai shi banɗaki ka kwarara masa ruwa mai ɗan ɗumi, kamar ninki biyu zuwa uku na girman bokitin, ka bar shi ya tsane. Mako biyu kada ka ba shi komai sai ruwa, shi ma sai ka cusa yatsa har gaɓa ta biyu ka ji ƙasar ta bushe. Daga nan ka koma kwata na abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a mako biyu. Ganyen da ya ƙone ba zai warke ba, sabon toho za ka sa wa ido.

Batun rawaya kuwa, ka lura da inda ta faro. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara, yawanci naitirojin, sinadarin taki mai sa ganye kore, shi ne ya yi ƙaranci, domin shuka tana kwashe shi daga tsoho ta kai wa sabo. In sababbin na sama ne suka yi rawaya jijiyoyinsu na nan kore, sinadarin ƙarfe ne saiwa ta kasa ɗauka, ko don jiƙewa ko don ƙasar ta yi kanwa-kanwa. Attaruhu ya fi son pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa, tsakanin 6 da 7. A naka bokitin na fi zargin matsalar ƙarfen.

Fitilar ka riƙe ta, awa 14 zuwa 16 a rana. Ka janye bokitan daga jikin taga mai sanyi, kuma kada ka jingina su da na'urar ɗumama ɗaki. Idan fure ya fito, ka riƙa ɗan girgiza reshen, tunda ba ƙudan zuma a ɗakinka.

Yakuwa kuma ba ta fure sai dare ya yi tsawo, shi ya sa a gida sai wajen kaka ake ganin zoɓorodo. A awa 16 ganye kawai za ta yi ta ba ka, wanda in fate ko miya kake nema, ya wadatar.