Katakon da kika gani a hotonmu na Sallah

Yaya, kin tambaye ni guntayen katakon nan da yara suka baje a ƙasa, ko wasan me ke nan. Sunansa Kapla, kuma a nan Faransa da wuya ki shiga makarantar ƙananan yara ba ki tarar da shi ba.

Wani mutumin Holan ne ya ƙirƙiro shi, Tom van der Bruggen. Ya sayi wani kango a kudancin Faransa yana son ya mai da shi katafaren gida, sai ya riƙa gwada fasalin ginin da guntayen katako. Dunƙulallu ba su yi masa ba, don ba sa ba da rufi, sai ya yanka su sirara dogaye. A 1987 suka shiga kasuwa. Tsawon kowanne bai cika santimita 12 ba, kuma duk awo ɗaya ne: in kika ɗora uku kan juna sun yi faɗin guda, in kika jera biyar gefe da gefe sun yi tsawon guda. Ba ƙusa, ba gam, nauyinsu ne kawai ke riƙe ginin.

Mu nan ba mu da tsakar gida, balle dandali. A bene muke, da hunturu ƙarfe biyar duhu ya fara shiga, maƙwabcin ƙasa kuma yana jin duk takun yaro. Shi ya sa ranar suna ko Sallah muke haɗa kuɗi mu kama ɗakin taro. Kowa ta zo da girkinta, mai Kapla ta zo da akwatinta, a juye wa yara a gefe su ajiye waya.

Da kin ga autana ranar. Ya hau kujera, ya riƙe numfashi, hannu na rawa, ya ɗora na ƙarshe a kan hasumiyar da ta fi shi tsayi. Wallahi sai na tuna ɗakunan laka da muke ginawa in ruwa ya ɗauke, da motocin kara na su Yaya Babba. Kuma a bakin wasan nan nake cusa masa Hausa: ɗora, a hankali, ya karkace, ya rushe. Yanzu da Hausa yake faɗin kalmomin nan ko cikin abokansa.

In Allah ya kai mu hutun damina zan taho wa jikokinki da akwati mai guda 200. Ke kuma a ajiye mana karan dawa, ina so a koya masa haɗa mota.