Malamina ya ce batun kundina ya yi faɗi, ta ina zan rage shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shekara ta biyu ta masta a fannin sadarwa a nan Yamai. Batun da na zaɓa shi ne "Tasirin rediyo a kan matasan jihar Tawa". Sau biyu malamin da ke duba aikina yana maido mini da shi, wai ya yi faɗi. Wata shida suka rage mini. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Malaminki yana da gaskiya, kuma kalmar "tasiri" ce ta ja miki. Kafin ki ce rediyo ta canza tunanin mutum, sai kin san yadda yake kafin ya saurara da yadda ya koma bayan nan, sannan ki nuna ba wa'azin masallaci ko WhatsApp ko hirar fada (majalisar da samari ke zama) ba ne suka canza shi. Wata shida da aljihun ɗaliba ba za su ɗauki wannan ba. Ki sauke kalmar. Ki ɗauki tasha ɗaya a garin Tawa, shiri ɗaya na Hausa da ake buga waya a ciki, ki tambayi abin da za ki iya ji da kunnenki: su wa ke samun magana, a kan me, kuma wa mai gabatarwa ke katsewa?

Daga nan sai tattara shirye-shiryen. Kada ki dogara da cewa tasha ta ajiye miki su. Ƙananan tashoshi da yawa suna goge tsofaffi don samun wuri a kwamfuta. Tashar FM ta Tawa kuma ba ta iso Yamai, don tsakaninsu ya fi kilomita 500. Ko ki je da kanki, ko ki sami amintacce a can ya riƙa naɗa miki. Idan da salula za a naɗa, a maƙala abin sa wa kunne domin shi ne eriya, kuma a cire layin, in ba haka ba kira ɗaya ya yanke miki shiri. Awa ɗaya ta MP3 a kan 64 kbps tana cin kusan mega 29, ba wani nauyi. Kowane fayil a sa masa kwanan wata da sunan shiri a ranar, a ajiye shi wuri biyu.

Kada ki kwashi kwana 14 a jere. Idan wani babban lamari ya faɗo a makon, shi kaɗai za ki ji ana tattaunawa. Ki haɗa mako da kanki: Litinin daga wannan mako, Talata daga na gaba, har ki cika mako biyu. Ki kauce wa watan azumi sai in shi kike nazari, saboda jadawalin tashoshi yakan juye gaba ɗaya.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne rubuta abin da aka naɗa. Awa ɗaya ta magana tana cin awa huɗu zuwa shida a rubuce. Shiri 14 na awa guda-guda, awa 70 ke nan a matsakaici. Ƙara hira 12 ta minti 40, wata awa 40. In kina zama awa huɗu kullum, wata guda ya tafi, ba ki ma fara fassara zuwa Faransanci ba. Ki rubuta yadda mutum ya faɗa: Ba'adare, wato mutumin Adar, yankin da Tawa take, ya ce "hwaɗa" ko "tahi", ki bar masa abinsa, kada ki gyara masa baki ya koma na Kano. Ki yi nazarinki a kan Hausar, sai guntayen da za ki sa a kundi kawai ki fassara, asalin yana gefe. Kalma kamar "kunya", in kika mai da ita "honte" ta Faransanci kin zubar da rabinta. Habaici kuwa yakan mutu murus a hanya.

Rukunan da za ki kasa kiraye-kirayen, kamar koke, gaisuwa, neman bayani, suka, ki rubuta ma'anar kowanne. Ki ba wata abokiyar karatu kashi 10 cikin 100 ta kasa ita kaɗai, ku gwada da ma'aunin kappa, wanda ke nuna yadda kasawarku ta zo ɗaya. In ya gaza 0,7, rukunan ne ba su fito ba, ki sake su. Masu jarraba ki ranar kare kundi suna son tambaya a kan wannan.

Abu biyu game da Tawa. Yawan kira ba yawan masu sauraro ba ne: za ki tarar da muryoyi kaɗan suna ta maimaita kansu, masu kuɗin kati da lokacin zama, mata kuwa ƙalilan. Ki ƙirga masu kira, ba kira kaɗai ba. Sannan Adar ƙasar ƴan ci-rani ce. Bayan girbi samari da dama sun kama hanyar Abijan, Najeriya ko Libiya, don haka waɗanda za ki iske a fada da rani ba su wakilci duka ba. Ki faɗi watan da kika yi aikin a cikin kundi.

Kafin ki hau mota ki karɓi takardar izinin bincike daga makarantarku, ki nuna wa hukumomin gari da shugaban tashar. Kowa za ki naɗa, ki nemi yardarsa da bakinsa a farkon naɗin, ki sa masa lamba a madadin suna. Sabon take da tambayar bincike, shafi ɗaya tak, ki kai wa malaminki cikin makon nan, kafin ki sayi tikiti.